Takarda ta ce allurar na kashe ƙwayar, to mi ya sa ciwon Baba ke dawowa?

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin lafiya, ɗan Gwadabawa ne ni amma karatu ya aje ni Sakkwato. Babanmu wata biyar ke nan da anka sa mishi robar fitsari saboda furostet, tsokar nan ta ƙasan mafitsara da ke kumbura ta tare fitsari, tun daga nan zazzaɓi bai barin shi. Sau ukku muna kai fitsari lab, kullum sunan ƙwaya guda ke fitowa, Proteus, kuma a rubuta S gaban allurar da za a yi mishi. A yi allura kwana bakwai ya warware, bayan sati biyu ko ukku abin ya dawo, robar ma ta riƙa toshewa. Yayyena sun ce maganin jabu ne, gwaggonmu ta ce jifa ne. Ni kuma cikin aji na ji malami ya ambaci bayofim, ya ce wai ƙwayoyin gado ke sarrafa shi amma ban gane ba. Don Allah mine ne gaskiyar lamarin ga, kuma mi ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ce, ku kuma Allah ya ba ku lada, don jinyar tsoho mai roba sai wanda ya yi ta ya san nauyinta. In na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne ya za a yi allura ta kashe ƙwaya cikin farantin lab amma ta kasa gamawa da ita jikin mutum, alhali ƙwayar ita ce dai allurar ma ita ce dai. Aikina ke nan shekara da shekaru, shuka ƙwayoyin cuta da gwada magani a kansu, kuma wlh S ɗin nan da muke rubutawa, mai nufin maganin na kashe ƙwayar, ba ƙarya muke ba, amma akwai abin da takardar ba ta faɗi, shi nike so in warware maka.

Maganar yayyenka tukuna. Jabun magani akwai shi kasuwa ba mai musu, sai dai ka duba abin da ka faɗa da bakinka, in an yi allurar zazzaɓin na sauka har Baba ya samu sati biyu ko ukku lafiya lau. Ruwan banza bai yin haka sau ukku a jere. Ita kuma gwaggo a gaishe ta, a ci gaba da addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma abin da ke dawo da ciwon ga abu ne da za ka gani da idonka ka taɓa da yatsa, ranar da anka cire robar in kun roƙi nas ta tsaga maku ita.

Santsin cikin randa

Ka taɓa zura hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba? Ruwan ka gan shi garau, amma jikinta daga ciki santsi gare shi, wani yauƙi-yauƙi da sai an sa soso an dirje. Ko dauɗar da ke taruwa gindin haƙori in mutum ya kwana bai yi asuwaki ba. To shi ne bayofim, ba wani abu ne daga sama ba. Bakteriya ne sunka manne jikin abu, sunka fitar da wani danƙo na sukari da furotin har da zaren DNA, sunka lulluɓe kansu da shi sunka zauna ciki kamar gari mai ganuwa, har da 'yan magudanan ruwa tsakanin unguwanni. Tun 1683 wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro dauɗar haƙorinshi ya duba da madubin da ya haɗa da hannunshi ya ga halittu na motsi, kuma da ya kurkure baki da binega sai ya lura na sama-sama kaɗai sunka mutu, na can ciki ko gezau. Ka ga matsalar Baba ke nan tun sama da shekara 300 da sunka wuce, sai dai ba a ɗauki abin da muhimmanci ba sai da Bill Costerton da abokan aikinshi sunka tado da maganar a 1978.

Asibiti kuwa cike yake da randuna irin wagga. Robar fitsari, kanular ƙarin ruwa, bututun numfashi, ƙarfen da ake sa ma mai karaya, bakin famfo, magudanar wurin wanke hannu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cikin majinyata 100 da ke kwance asibiti, 7 ke ɗaukar wata cuta a can cikin asibitin a ƙasashe masu kuɗi, a irin ƙasashenmu kuwa 15, kuma robobin nan na cikin manyan ƙofofin da cutar ke shigowa.

Kundi guda, rayuwa biyu

Yanzu abin da malaminku ya ce. Kowace bakteriya na ɗauke da kundi na gado, shi ne DNA, babi-babi, kowane babi shi ake ce ma ƙwayar gado, wani na koya mata yin wutsiyar iyo, wani yin dafi, wani yin danƙo. Wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa da anka karance kundinta kaf a shekarar 2000 an samu babi sama da 5,500. Ba ta buɗe su duka lokaci guda, don kowane babi in an buɗe shi aiki ne kuma cin abinci ne. Sai ya zama akwai wasu babukan da ba su da aikin komai sai kunna wasu da kashe wasu, kamar makunnin wuta jikin bango. Nan duk maganar take. Ƙwayar da ke yawo cikin fitsari da wadda ke manne jikin roba kundinsu guda, shafin da kowacce ta buɗe ne daban.

Na kan ba ɗalibai misali da ɗan ci-rani. Yana tafe da jakarshi, ba ya sayen abu mai nauyi, yau Kurmi gobe gida. Ranar da ya samu wurin da abinci ya zauna sai ya aje jaka, ya yi aure, ya fara aza tubali. Mutum guda ne amma halinshi ya canza gaba ɗaya. A cikin bakteriya da yawa akwai wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna c-di-GMP da ke yanke wanga hukunci, in ya yi yawa cikin ƙwayar sai ta kashe wutsiya ta kunna babukan danƙo, in ya ragu sai ta kwance kaya ta tashi. Rukunin Moshe Benziman sunka gano shi a 1987, kuma ba wurin binciken cuta ba ma, cikin bakteriyar da ke yin binega, daga baya anka ga ashe bakteriya masu sa ciwo irin su Pseudomonas da Klebsiella da E. coli duk da shi suke aiki. Klebsiella misali, akwai wani furotin nata MrkH da ba ya motsi sai sinadarin ga ya hau kanshi, yana hawa sai ya kunna babukan da ke yin gashin da take kama roba da shi. Ita Klebsiella dama gwanar yauƙi ce, wata in ka taɓa ta da wayar ɗiba kan faranti ka ɗaga sai ta biyo ka da zare kamar miyar kuɓewa, in zaren ya wuce milimita 5 muna sa mata ido don sau da yawa irin masu zafin nan ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina ɗalibi shi ne yadda mugunta da zama ke karɓa-karɓa. Pseudomonas na da wata 'yar allura ta gaske jikinta da take cusa ma ƙwayoyin jikin mutum dafi kai tsaye, wannan makamin yaƙin gaggawa ne. Akwai makunni mai suna Gac da Rsm da ke zaɓa mata, ko dai ta fito da allura ta yi ɓarna da sauri, ko ta maida allura kube ta gina gida ta daɗe. Shi ya sa ciwon da bayofim ke kawowa galibi ba mai kayar da mutum rana guda ba ne, ci ne a hankali, ya lafa ya taso.

Mota ba ta tashi sai ta cika

Sai tambaya ta gaba, ya ƙwaya ke sanin tana da 'yan'uwa kusa? Ka san tashar mota, ko kai ka fara zuwa tun asuba direba ba zai tada mota ba sai ta cika, don tafiya da fasinja ɗaya asara ce. Haka bakteriya, in ƙwaya goma sunka fara zuba dafi sojojin jiki za su farga su share su nan take, gara su yi shiru su hayayyafa. Kowacce na sakin wani ɗan sinadari kaɗan-kaɗan kuma tana shinshinar shi, kamar turaren wuta, tsinke guda a fili ba ka jin komai amma a rufe ɗaki a kunna da yawa sai ya turnuƙe. Da ƙamshin ya kai wani mizani sai duk su kunna babuka guda a tare. An fara ganin haka a 1970 cikin wata bakteriyar teku mai haske da ba ta haskawa sai ta yi yawa, Nealson da Hastings sunka yi aikin, sunan da ake kiran abin da shi yanzu, kworam sensin, sai 1994 anka raɗa shi. Ni dai ƙidayar kai nike ce mishi.

Pseudomonas na da irin wanga tsari har ukku masu hawa kan juna, las da rhl da PQS. In ka shiga ɗakin masu ƙuna, musamman lokacin hunturu da yara ke faɗawa kaskon garwashi ko ruwan zafi, wani lokaci za ka ga bandeji ya yi kore-kore mai shuɗi, da wani wari mai zaƙi-zaƙi wanda in ka shaƙe shi sau ɗaya ba ka mancewa. Akwai ranar da anka kawo mini auduga daga ciwon wani yaro, tun kafin in shuka na ce ma abokin aikina wannan Pseudomonas ce, washegari faranti ya fito kore shar har cikin abincin shukar. Launin nan dafi ne, payosayanin, kuma ƙidayar kai ke kunna shi, ma'ana duk sanda ka ga bandeji ya yi kore to mota ta riga ta cika. A 1998 masu bincike a Amurka sunka lalata babin lasI kaɗai, wanda ke yin ƙamshin, sai ƙwayar ta gina bayofim shimfiɗaɗɗe marar kauri da sinadarin wanki ke ɗayewa cikin sauƙi, ita kuma mai lafiyayyen babi nata ya tsaya ƙyam.

Staphylococcus aureus kuma nata salon daban ne. Bari in ɗan ratse, wannan ita ce "staf" ɗin da masu maganin gargajiya na lasifika ke jingina ma komai, daga rashin haihuwa har ciwon baya. Kusan mutum ɗaya cikin ukku na ɗauke da ita cikin hanci lafiyarshi lau, don haka ganin sunanta a takarda kaɗai ba ciwo ba ne, sau da yawa daga fata ta faɗa cikin kwalbar. Amma in ta samu kanula ko ƙarfen ƙashi ba ta da wasa. Babukan ica ke yi mata danƙo, makunninta na ƙidayar kai kuma sunanshi agr. In agr na kashe tana mannewa ta yi kauri, in ya kunnu sai ta zubo dafi da sinadaran da ke yanka danƙon, wasu su ɓalle su bi jini su je su kafa sabon gari wani wuri. Har ana samun waɗanda agr ɗinsu ya lalace gaba ɗaya cikin ciwon da ya daɗe, ba su da zafi sosai amma ba su fita. Wani dafin nata kuma, PVL, mai fasa fararen ƙwayoyin jini ya kawo manyan marurai, ba ma nata ba ne na asali, wani bairos mai kama bakteriya ya kawo mata babin, kuma binciken da anka yi a Najeriya da maƙwabta ya nuna ya fi yawa nan Afirka ta Yamma nesa ba kusa ba in an gwada da Turai.

Ita Proteus ɗin Baba

To mu zo kan taku. Proteus mirabilis duk ma'aikacin lab ya san ta don ita ke ɓata mana faranti. Sauran ƙwayoyi kowacce na zama inda anka aje ta ɗigo-ɗigo, ita kuwa sai ta bazu ta rufe farantin duka da zobe-zobe kamar ka jefa dutse cikin tafki, ga wari kamar na kifin da ya kwana. Gustav Hauser ya sa mata sunan a 1885, sunan wani abin almarar Girkawa mai rikiɗa, don da gaske rikiɗa take, in ta ji ta taɓa abu mai tauri sai ta miƙe ta yi tsawo ninki-ninki ta fito da wutsiyoyi rututu, su jeru kafaɗa da kafaɗa su yi ta tafiya. Da haka take iya bin jikin roba.

In ta iso sai ta canza shafi. Tana da jerin babuka mai suna mrp da ke yi mata gashin mannewa, makunninsu wani ɗan guntun DNA ne da ke juyawa a zahiri, in ya fuskanci nan a kunne in ya juya a kashe. Kuma babin ƙarshe na jerin, mrpJ, aikinshi shi ne ya danne babukan wutsiya. Ka ga hikimar Ubangiji, umarnin da ya ce manne shi ne kuma ya ce daina yawo.

Amma abin da ya sa Proteus ta fi sauran wahala a roba shi ne wani sinadari da take yi mai suna yuriyes. Fitsari na ɗauke da yuriya, ita kuma tana da makunni UreR da ke jin yuriya ya kunna babukan wanga sinadari, shi kuma ya fasa yuriyar ta koma amoniya. Warin nan mai hawa kai da kuke ji in an buɗe jakar fitsarin Baba shi ne. Amoniya na kashe tsamin fitsari, da tsamin ya tafi sai gishirin magniziyam da kalsiyam da ke narke ciki su fara daskarewa su zama tsakuwa, su maƙale cikin danƙon, ƙwaya ta sake hawa kan tsakuwar ta yi wani danƙon, haka-haka har ramin robar ya toshe. Na sha tsaga irin robar nan da reza, cikinta za ka ga wani abu fari-fari mai ruwan ƙasa kamar dafaffen siminti, in ka murza tsakanin yatsu cikin safar hannu yana ƙaras-ƙaras kamar yashi. Akwai wadda na tsaga ramin da ya rage bai fi a zura tsinken tsintsiya ba, kuma mai ita an yi mishi allura kala ukku kafin wani ya yi tunanin a cire ta. In roba ta toshe fitsari na komawa sama wajen ƙoda da ƙwayoyin ciki, nan zazzaɓi da rawar ɗari ke tasowa, kuma nan haɗarin yake don daga ƙoda sai jini.

Abin da S ke nufi da abin da ba ta nufi

Ga yadda muke gwajin. Mu ɗebo ƙwayar da ta tsiro, mu kaɗa ta cikin ruwan gishiri ta warwatse ɗaya-ɗaya, mu shafa kan faranti mai abinci sabo, mu ɗora 'yan takardun magani, mu sa inkubeta, wato akwatin ɗumi, awa 16 zuwa 18, da safe mu auna faɗin filin da ƙwaya ta kasa tsirowa kewaye da kowace takarda. Tsarin Kirby da Bauer ke nan na 1966, har yau da shi ake aiki. To ka duba wa munka gwada, ɗan ci-rani munka gwada, shi kaɗai, a fili, cikinshi cike yana ta hayayyafa. Ba mu gwada mai gida cikin ganuwa ba. Kuma an auna an gani, ƙwayar da ke cikin bayofim na iya jure magani ninki 10 har zuwa 1,000 na abin da ke kashe 'yar'uwarta mai yawo.

Dalilan sun fi ɗaya. Danƙon na riƙe wasu magunguna a bakin ganuwa, irin su jentamaisin. Can ƙasa kuma ba abinci ba iskar oksijin, ƙwayoyin sun yi likimo ba su girma, alhali yawancin antibayotik sai ƙwaya na aiki suke samun inda za su kama ta, dangin penisilin sai tana gina bangonta, jentamaisin ma ba ya shiga cikinta sosai in ba oksijin. Sannan akwai 'yan tsiraru masu barcin gaske, Joseph Bigger ya gan su tun 1944, ya zuba ma Staphylococcus penisilin ya ga kullum sai wasu ƙalilan sun rage, in sunka farka sunka haihu 'ya'yansu kuma penisilin na kashe su lafiya lau. Wato ba gadon juriya gare su ba, barci ne ya cece su. Shi ya sa takardarku ke ta fitowa S sau ukku. Allura na share masu yawo cikin fitsari da jini, zazzaɓi ya sauka, kwana bakwai su cika a daina, na cikin ganuwa su farka su sake cika mafitsara.

Har da babukan da ba su buɗewa sai cikin bayofim. A 2003 an gano ndvB a Pseudomonas, yana yin wani sukari mai zobe da ke cafke maganin tobramaisin, ɗan'uwan jentamaisin, kafin ya kai inda zai yi aiki. A 2005 kuma anka nuna in an ba Pseudomonas da E. coli ɗan tobramaisin da bai kai ya kashe su ba, ƙara gina bayofim suke. Wannan nike tunawa duk sanda na ga mutum ya tsaya kemis ya sayi kafso huɗu ya haɗiye ya ce in ya ji sauƙi shi ke nan.

Kada ka haɗa wannan da juriya ta gado, wadda ita ce R a takarda, ma'ana maganin ba ya kashe ƙwayar. Ita sau da yawa babi ne sabo ƙwaya ke samu, kamar mecA da ke maida Staphylococcus ta zama MRSA mai ƙin jin dangin penisilin, wadda anka fara gani Ingila a 1961, ko NDM-1 da anka samu a 2008 jikin wani majinyaci a Suwidin bayan ya yi jinya a Indiya. Sai dai biyun na da alaƙa, don cikin bayofim ƙwayoyi na manne da juna suna miƙa ma juna 'yan zobban DNA masu ɗauke da irin babukan ga kamar ana miƙa goro, har tsakanin jinsi daban-daban. Kowane zagayen allura da ake ma Baba roba na nan ba a taɓa ta ba, dama ce ake ba su, wata rana takardar za ta fito R daga sama har ƙasa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sunka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba su jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba.

Abin da nike ganin ku yi

Ni ba likitan mafitsara ba ne kuma ban ga Baba ba, don haka abin da zan faɗa na ka kai ma likitanshi ne ku tattauna, ba na ka je kemis ba. Tambaya ta farko, yaushe rabon da a canza robar, kuma sanda ake allurar nan sau ukku an canza ta ko tsohuwar na ciki? Ƙa'idar da aka sani ita ce in roba ta wuce sati biyu kuma ciwo ya taso, a cire ta a sa sabuwa, a ɗebi fitsarin gwaji daga sabuwar kafin a fara magani. Ba daga jaka ba don Allah. Sau nawa ana kawo mana fitsarin da anka tsiyayo daga jaka cikin kwalbar da ta yini aljihu cikin zafin Sakkwato, abin da zai tsiro nan tarihin jakar ne ba na mafitsara ba. Kuma tunda tashi robar na toshewa, kada a jira ranar da anka saba, a lura kwana nawa take ɗauka kafin ta toshe a riƙa canzawa kafin lokacin.

Na biyu, ku roƙi a yi hoton mafitsara da ƙoda. Proteus guda na dawowa sau ukku, ni tsakuwa nike zargi, don in ta yi tsakuwa cikin mafitsara ƙwayar na zaune cikin tsakuwar, ko an sa sabuwar roba daga nan za ta fito ta hau, sai an fitar da ita ake hutawa. Sannan a duba ko robar ma dole ce har yanzu, don kowace rana da take ciki haɗarin shigar ƙwaya na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, wanda ya yi wata guda da ita kusan tabbas akwai ƙwaya fitsarinshi. Akwai maganin furostet da ake gwadawa a cire roba a gani, akwai aiki, akwai sa roba a zubar a cire nan take sau da yawa a rana, akwai robar da ake sawa ta mara. Wanne ya dace da Baba, shekarunshi da ƙarfin jikinshi da ƙodarshi za su faɗa, kuma a nemi ganin likitocin mafitsara, akwai su asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Wani abu da ke ba mutane mamaki, in Baba ba zazzaɓi ba ciwon mara ko kwiɓi ba ruɗewa, ganin ƙwaya a takarda kaɗai ba dalilin allura ba ne ga mai roba, wari ko duhun fitsari ma haka. In kuwa an zo maganin, a sani naitirofurantoyin da ake yawan ba masu ciwon fitsari ba ya aiki kan Proteus tun asali, jentamaisin kuma in ana maimaita ma tsoho sai an duba ƙoda don yana taɓa ta yana taɓa ji. A gida jakar ta zauna ƙasa da mara amma kada ta taɓa ƙasa, kada a riƙa raba ta da robar, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa da bayan an taɓa. Ya sha ruwa sosai in likita bai hana ba saboda zuciya ko ƙoda, musamman watannin bazara da zafi ke wuce digiri 40 fitsari ya yi kauri, rukunin David Stickler na Kadif a Birtaniya da sunka daɗe kan matsalar ga sun nuna tsarma fitsari da shan abin da ke da ruwan lemun tsami na jinkirta daskarewar. Jinkirtawa fa na ce. In fitsari ya tsaya cak, ko rawar ɗari ta kama shi, ko ya fara magana ba kan gado, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Za ka ce tunda an san makunnan mi ya hana a yi maganin da zai kashe su? Ana ta ƙoƙari. An samu wani jan ganyen teku a Ostareliya da ke fitar da sinadarin da ke toshe ma bakteriya hanci kada su ji ƙamshin juna, an ga irin haka cikin tafarnuwa, maganin azitromaisin ma na rage ƙidayar kai a Pseudomonas. Amma har yau ba wani maganin toshe ƙidayar kai da anka amince da shi likita ya rubuta maka, kuma kada wani ya ji tafarnuwa ya je ya cika ma tsoho ciki, abin da ya yi aiki a faranti da tataccen sinadari daban yake da abin da ke isa mafitsara. Ga kuma matsalar da na faɗa ta agr, ka kashe shi dafi ya ragu amma danƙo ya ƙaru. Mu ma a lab muna iya gwada ko ƙwaya na yin bayofim, mu shuka ta cikin bututu mu zubar mu rina da shuni mu ga zoben da ya rage jikin gilashi, amma wannan na ɗalibai masu bincike ne, ba ya cikin gwajin da ake ma majinyaci kuma ba ya gaya ma likita allurar da zai zaɓa.

In kun je canjin roba na gaba ka tsaya kusa, ka sa safar hannu, ka roƙi a tsaga maka bakin tsohuwar wajen da ke zama cikin mafitsara, ka duba ka murza, in da hali ka ɗauki hoto ka nuna ma yayyenka da gwaggo. Sannan ka turo mini takardar gwajin ƙarshe ka rufe sunan Baba, ka gaya mini daga ina anka ɗebi fitsarin da kuma ranar da anka sa robar da ke jikinshi yanzu.